Yadda Ake Kai Binciken Tabbatar da Ingancin Manhaja Gaban Taron Bita

Idan ka kwashe watanni kana kokawa da hujjar lissafi a kan wani ɗan ƙaramin harshen shirya manhaja, har malamin da ke duba aikinka ya ce lokaci ya yi da za a fitar da shi waje a gani, shawarata ita ce ka fara da taron bita. A wannan fanni namu manyan tarurruka ne ke da kwarjini: POPL, PLDI, ICFP, ECOOP, CAV da ire-irensu. Shigarsu da wuya, kuma aikin da ya kammala suke so. A gefen kowannensu kuwa akwai ƙananan tarurrukan bita na yini ɗaya, wani lokaci rabin yini, inda mutane ƙalilan da suka san abu guda ciki da bai suke zama su saurari aikin da ake kan yi. FTfJP, wanda aka kafa domin dabarun lissafi na nazarin Java da harsunan da suka yi kama da ita, tun 1999 yake tafiya tare da ECOOP. TyDe da HOPE, su ma tarurrukan bita ne, suna raɓe da ICFP.

Abin da za ka samu a irin wannan zama, wanda da wuya ka same shi a ɗakin bincikenku, shi ne mutanen da za su iya rusa tiyorem ɗinka, wato babbar da'awar lissafin da ka ce ka tabbatar, kafin ka kai silaid na biyar. Su ake rubuta wa takardar. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Sanarwar neman takardu

Karanta ta a natse. Abu na farko da nake dubawa shi ne ko taron yana wallafa kundi. Wasu suna saka takardunsu a ɗakin karatun intanet na ACM, wasu a EPTCS ko CEUR-WS, wasu kuma ba sa wallafa komai, tsakure kawai suke liƙawa a shafinsu. Wannan ya shafi makomar aikinka. Idan kana da niyyar faɗaɗa shi ka kai babban taro baɗi, takardar da aka riga aka wallafa tana ɗora maka nauyin nuna sabon abin da ka ƙara, wadda ba a wallafa ba kuwa ta bar maka hanya a buɗe. Aika aiki ɗaya wurare biyu masu wallafawa a lokaci guda haramun ne a ƙa'idar SIGPLAN, ƙungiyar masu binciken harsunan shirya manhaja a ƙarƙashin ACM, kuma mutanen fannin ba su da yawa, mai tantancewa a can yana iya zama shi ne a nan.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Duba ko doguwar takarda ake so ko gajera, ko iyakar shafukan ta haɗa da manazarta, ko an yarda da rataye, ko ana ɓoye sunayen marubuta. Ɗauki samfurin LaTeX da suka ambata, acmart ne ko llncs na Springer, ka fara rubutu a cikinsa tun ranar farko. Wanda ya rubuta a shafi mai layi ɗaya dogo, sannan ya juya zuwa shafi mai gida biyu ana saura kwana biyu, zai tarar ƙa'idojin nau'insa sun tsallake gefen takarda. Kada ka taɓa girman rubutu ko faɗin gefe don samun wuri, idon da ya saba yana ganewa nan take.

Wa'adi galibi da agogon AoE ake rubuta shi, wanda ke bayan UTC da awa 12. Ƙarfe 23:59 na daren Juma'a a AoE daidai yake da 11:59 na safiyar Asabar a UTC. Lissafa naka daga nan. Wasu tarurrukan suna son a yi rajistar take da tsakure kwanaki kafin cikakkiyar takarda, kuma wanda wannan ya wuce shi, na biyun ma ya wuce shi.

Sannan duba sunayen 'yan kwamiti a shafin taron, ka kuma buɗe DBLP, rumbun intanet da ke jera takardun kimiyyar kwamfuta, ka ga takardun da taron ya karɓa a shekaru biyu ko uku da suka gabata. Idan ba ka ga ko ɗaya da aikinka zai iya yi wa magana ba, wataƙila ba ɗakinka ba ne.

Me ka tabbatar, a kan wane harshe, bisa wane zato

Nan ne takarda take tsayawa ko ta faɗi, don haka zan daɗe a kai.

Rubuta da'awarka a jimla ɗaya kafin ka rubuta komai. A ce ka ƙirƙiro tsarin nau'i, wato ƙa'idojin da ke tantance irin bayanin da kowane ɓangare na shiri zai iya ɗauka, da ke hana matsalar null (alamar "babu komai" da ke fasa shiri idan aka yi amfani da ita kamar abu na gaske), abin da Tony Hoare da kansa ya kira kuskurensa na dala biliyan a 2009. Jimlarka za ta iya zama: duk shirin da tsarinmu ya amince da shi ba zai taɓa tarar da null a gurbin (wurin ajiye bayani a cikin abu) da aka ayyana cewa ba ya ɗaukar null ba. Da'awa ce mai kyau. Idan ta zo hannuna in tantance, ba gabatarwa nake fara karantawa ba. Tiyorem nake nema, daga shi in koma ma'anar kowace alama da ke cikinsa, daga nan in tafi kai tsaye wurin magini, wato kod ɗin da ke gudana lokacin ƙirƙirar sabon abu.

Dalilina shi ne, a Java ta gaskiya gurbi yana riƙe da null har sai an zuba masa wani abu, kuma maginin ajin uwa yana gudana kafin na ajin da ya gaje shi. To idan maginin uwa ya kira wani aiki da ajin ɗa ya sake rubutawa, aikin nan zai karanta gurbin ɗan tun ba a cika shi ba, ya tarar da null a inda ka rantse babu. Manuel Fähndrich da Rustan Leino sun yi maganar wannan tun 2003, kuma duk wanda ke zaune a ɗakin ya san da ita. Idan ƙaramin harshen da ka gina hujjarka a kai yana da magini mai cika dukkan gurabe a bugu ɗaya, matsalar ba za ta taɓa tasowa ba. Tiyorem ɗinka gaskiya ne, amma bai ce komai ba game da wurin da ya fi wuya.

Ba laifi ba ne ka rage harshe, kowa ragewa yake yi. Featherweight Java, wanda Igarashi da Pierce da Wadler suka gabatar a 1999, siffofin furuci biyar kacal gare shi: suna, karanta gurbi, kiran aiki, ƙirƙirar abu, da juya nau'i. Babu null a ciki, babu sauya abin da ke gurbi. Sun yi haka ne da gangan, domin abin da suke son nazari bai buƙaci waɗannan ba, kuma sun faɗa a fili. Laifin shi ne ka yanke daidai abin da da'awarka ta dogara a kai, sannan ka yi shiru. Ware sakin layi guda ka lissafa abin da ka bari a waje, ka raba shi biyu: wanda ka bari don ba ya ƙara komai sai tsawo, da wanda ka bari don ba ka san yadda za ka ɓullo masa ba tukuna. Kashi na biyun shi ne ya fi jan hankalin mutanen taron bita. A kansa za a yi maka tambayoyi masu amfani.

Kuma a yi hattara da cewa "ƙara wannan abu ne mai sauƙi". A 2016 Nada Amin da Ross Tate sun nuna cewa tsarin nau'in Java da na Scala suna da ɓaraka: ɗan gajeren shiri da ke mai da lamba ta zama rubutu ba tare da umarnin juya nau'i ba, kuma manhajar fassara ta amince da shi. Ɓarakar ta fito ne daga haɗuwar null da wasu siffofin nau'i, abubuwan da idan aka ɗauki kowanne shi kaɗai ba a ganin aibunsa. Shekaru ta yi a ɓoye ana ta rubuta hujjoji a kan ɓangarori.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Yawancinmu salon da Wright da Felleisen suka yaɗa a 1994 muke bi, inda amincin tsarin nau'i ke tsayawa kan lema biyu, wato ƙananan tiyorem da ake gina babban a kansu: shiri mai nau'i ba ya maƙalewa, kuma kowane taku yana kiyaye nau'insa. To a ce a ma'anar harshenka, wato ƙa'idojin yadda shiri ke gudana, ka rubuta cewa karanta gurbi daga null taku ne halastacce da ke kai wa ga jefa kuskure. Shirin bai maƙale ba ke nan, lemar farko ta tabbata, ta biyu ma ta tabbata, amma ba su hana null komai ba. Dole halin da kake son hanawa ya zama maƙalewa a ma'anar harshen, ko kuma tiyorem ya ambace shi da suna ya ce ba a kaiwa gare shi. Na sha ganin takardu masu hujja tsaf da wannan giɓi a tsakiyarsu. Gwaji mai sauƙi: cire sabuwar ƙa'idar da kake alfahari da ita, ka ga ko tiyorem ɗin zai karye. Idan bai karye ba, ba ita yake magana a kai ba.

Jerin takardar

Sa misali a shafin farko. Kod na layi goma ko goma sha biyar, wanda ke nuna matsalar, kuma za ka riƙa komawa gare shi har ƙarshe. Mai karatu da ya ga shirin da ke fashewa zai yi haƙurin bin alamomin Girkanci shafi uku. Wanda aka fara jefa masa nahawun harshe kuwa tun a shafi na biyu ya fara tsallake.

Bayan misali sai nahawu a taƙaice, sai ƙa'idojin da suke sabbi. Idan tsarinka yana da ƙa'idoji ashirin, mai yiwuwa uku ko huɗu ne naka, sauran kowa ya san su. Nuna naka, ka bi kowacce da bayani cikin magana ta yau da kullum: me take bincikawa, wane mugun shiri take korewa, me zai faru idan aka cire sharaɗinta na biyu. Sauran su tafi rataye, tare da sanin cewa ba dole ne mai tantancewa ya karanta rataye ba. Ka ba kowace ƙa'ida suna, ka tsara su da mathpartir, ƙunshin LaTeX na rubuta irin waɗannan ƙa'idoji. Alama ɗaya ma'ana ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan Γ ce mahallin nau'i a sashe na uku, kada ta rikiɗe ta zama Δ a na biyar don kawai wani abokin aikin ne ya rubuta wancan sashen.

Bitar ayyukan da suka gabata ba sai ta faro daga Floyd a 1967 da Hoare a 1969 ba. Ɗauki ayyuka uku ko huɗu mafi kusa da naka ka faɗi bambancin da za a iya taɓawa da hannu: ga shirin da tsarinsu ya ƙi namu ya karɓa, ga kuma wanda nasu ya iya namu ya kasa. Na biyun nan kada ka ɓoye shi, mai aikin yana iya zama shi ke riƙe da takardarka. Kowane suna da shekara da ka ambata ka tabbatar da su a DBLP, musamman idan wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta taya ka tattaro su, domin sukan ƙago takardun da ba a taɓa rubutawa ba. Duba kuma abin da taron ya ce game da amfani da irin waɗannan manhajoji.

Hujjar hannu da hujjar na'ura

Taron bita ba ya tilasta maka kai hujjarka cikin manhajar duba hujja irin su Coq, wanda aka sauya wa suna zuwa Rocq a 2025, ko Isabelle, Agda ko Lean. Abin da yake bukata shi ne ka faɗi matsayin kowace lema: wannan na'ura ta duba ta, wannan a takarda na yi ta, wannan kuwa hasashe ne da nake kyautata zaton gaskiya ne. Kalmar "hasashe" ba abin kunya ba ce a nan.

Ko ba za ka yi cikakkiyar hujjar na'ura ba, ka gudanar da ma'anar harshenka. A POPL na 2012 wata tawaga ta ba da rahoton cewa ta ɗauki takardu tara na ICFP 2009 ta rubuta tsarinsu a PLT Redex, manhajar rubuta ma'anar harshe da gudanar da ita, ta kuma samu kurakurai a dukkan taran. Takardun ƙwararru ne da suka tsallake tantancewa mai tsanani. Redex yana iya ƙirƙiro shirye-shirye barkatai ya gwada lemarka a kansu, haka QuickChick a Coq, Nitpick kuma a Isabelle yana neman misalin da ke rusa da'awa. Yini ɗaya da ɗayansu yakan tono sharaɗin da ka manta a wata ƙa'ida. Ott kuma yana ba ka damar rubuta ƙa'idoji sau ɗaya ya fitar maka da LaTeX da ma'anonin Coq daga tushe guda, don kada abin da ke takarda ya saɓa da abin da na'ura ta duba.

Idan ka ce na'ura ta duba, to ka nemo duk inda ka ɗaga ƙafa: Admitted a Coq, sorry a Isabelle da Lean, postulate a Agda, assume a Dafny. Gudanar da Print Assumptions a kan babban tiyorem a Coq, ko #print axioms a Lean, ka rubuta abin da ya fito. Yi ɗan jadawali da ke haɗa lambar kowane tiyorem na takarda da sunansa a fayil, ka faɗi sigar manhajar da ka yi amfani da ita, domin hujjar da ta wuce a wata siga takan ƙi wucewa a ta gaba. Faɗi kuma abin da aka amince da shi ba tare da hujja ba. Lokacin da masu Csmith, manhajar da ke ƙirƙiro shirye-shiryen gwaji barkatai, suka gwada manhajojin fassara C suka wallafa a 2011, sun samu ɗaruruwan kurakurai a waɗanda aka saba amfani da su. A CompCert na Xavier Leroy kuwa, manhajar fassara C da aka tabbatar da ingancinta da hujjar na'ura, abin da suka samu a ɓangarorin da hujja ba ta rufe ba ne. Iyakar hujjarka ita ce inda mai karatu zai so ya leƙa.

Wanda aikinsa na kayan aiki ne, irin su Dafny, Why3, Viper, KeY ko Frama-C, lambobi ake jira daga gare shi: layin kod nawa, layin sharuɗɗa nawa aka rubuta da hannu, daƙiƙa nawa a kan wace irin kwamfuta, wace sigar Z3 ko cvc5, kuma misalai nawa ne lokaci ya ƙare ba a samu amsa ba. Kada ka share waɗanda suka gaza daga jadawali. Hujjar da ta ƙi fita ma sakamako ce. A 2015 masu aiki da KeY sun yi ƙoƙarin tabbatar da TimSort, dabarar jera bayanai da ke cikin Java da Python, hujjar ta ƙi rufuwa, da suka bi diddigi sai ga kuskure na gaske a cikin dabarar. Ni dai na fi son takarda mai shafi shida da ke bayyana dalilin da wata hujja ta cije a kan mai shafi goma sha biyu da komai ya tafi sumul.

Ranar aikawa

Idan ana ɓoye suna, kunna zaɓin anonymous a acmart, da review don a samu lambar layi. Ambaci aikinka na baya kamar na wani ne. Cire godiya. Sunanka yakan maƙale a wuraren da ba ka zata ba: bayanan cikin fayil ɗin PDF, adireshin ma'ajiyar kod a GitHub, kan fayilolin hujja. Tattara kod ɗin a ƙunshi guda marar suna idan an ba da damar haɗawa.

Shafin aikawar da za ka tarar EasyChair ne ko HotCRP. Cika sunayen waɗanda bai dace su tantance aikinka ba, wato malaminka, abokan rubutunka na kusa da mutanen cibiyarku. Ɗora kwafi kwana ɗaya kafin wa'adi ko da bai gama gyaruwa ba, tunda ana iya sauya shi har lokaci ya cika. Sauke abin da ka ɗora ka buɗe shi ka duba da idonka. Kafin nan ka ba wani da ba ya cikin aikin ya karanta shafi biyu na farko ya faɗa maka da'awar da bakinsa. Idan abin da ya faɗa ya fi abin da ka tabbatar girma, gabatarwarka ta yi zuzutawa, sai a rage.

Bayan sakamako ya fito

Tarurrukan bita ba su cika ba da damar mayar da martani ba, sakamako ne kawai zai zo da sharhin mutum biyu ko uku. Bar shi ya kwana, sannan ka rarrabe. Akwai sharhin da ya kawo misalin da ke rusa wata lema, wannan shi ne mafi daraja ko da da kaushin harshe ya zo, zauna ka bi shi taku-taku. Akwai wanda ya nuna ba a fahimce ka ba, wannan gyaran rubutu ne, ka nemo jimlar da ta ɓatar da mai karatu. Akwai kuma na ra'ayi, ka ɗauki abin da ya yi maka. Idan an karɓi takardar sannan ka gano tiyorem ya karye, rubuta wa shugabannin kwamiti ka faɗa musu, ka gyara da'awar a kwafin ƙarshe. Idan ba a karɓa ba, sharhin yana hannunka, kuma akwai wani taron nan da 'yan watanni.

Kwafin ƙarshe yana zuwa da 'yan hidindimu: mayar da sunaye, takardar haƙƙin wallafa, lambar ORCID, da ajiye kod a Zenodo don ya samu lambar DOI da ba ta gushewa. Dole ɗaya daga cikin marubuta ya yi rajista ya gabatar. Idan tafiyar tana buƙatar biza, nemi takardar gayyata ranar da sakamako ya fito. SIGPLAN tana da tallafin tafiya ga ɗalibai, PLMW ma, taron horar da sabbin masu bincike da ake yi a gefen manyan tarurrukanta, yakan ɗauki nauyin wasu. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, tambayi masu shiryawa da wuri ko za a iya gabatarwa ta intanet.

Jawabin kansa minti goma sha biyar ne zuwa ashirin a yawancin wurare. Misali ɗaya, ƙa'ida ɗaya, tiyorem ɗaya. Silaid cike da ƙa'idoji goma sha biyu babu mai karanta shi. Ajiye minti biyun ƙarshe ga abin da ya gagare ka, ka sa shirin da tsarinka ya kasa karɓa a allo, ka tambayi ɗakin ko wani ya taɓa cin karo da irinsa. Riƙe takarda da biro lokacin tambayoyi, ka rubuta sunan mai tambaya da abin da ya ce, domin bayan awa ɗaya rabinsu sun fice daga kanka. Idan ka zo faɗaɗa aikin zuwa babban taro, ambaci takardar taron bitar, ka bi abin da sanarwarsu ta ce game da aikin da ya riga ya fito, ka kuma lissafa a fili lemomi da siffofin harshe da ka ƙara tun daga lokacin.